Kwas ɗin manajan asibitin haƙori a Ingila: ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu?

Ta biya, amma ba kowane darasi ne ya cancanci kuɗinsa ba. Ni manaja ce a wani asibitin haƙori mai kujeru huɗu a Bradford. Wasu marasa lafiyarmu na NHS ne, wato tsarin kiwon lafiya na gwamnati, wasu kuma daga aljihunsu suke biya. Da aikin nas na fara, ina miƙa wa likita kayan aiki, har ranar da tsohuwar manajarmu ta yi ritaya aka ce in riƙe ofis kafin a samu wata. Har yau ba a samu watan ba. Bara na kammala kwas ɗin gudanarwa na mataki na 5, wato ƙasa da digirin farko, irin wanda wani kamfanin horarwa ke koyarwa ta intanet, jami'a kuma ta ba da takardar.

Doka ba ta ce sai da irin wannan takarda za a yi manaja ba. Hukumar GDC, mai kula da ma'aikatan haƙori, tana yi wa likitoci da nas-nas rajista, amma babu rajistar manajoji a wurinta. Inda gizo ke saƙar shi ne CQC, hukumar sa ido kan ingancin asibitoci, wadda asibitocin haƙori na Ingila suka shiga ƙarƙashinta tun Afrilun 2011. Idan kamfani ne ke da asibitin, dole a samu manaja mai rajista da ita, za su yi miki tambayoyi kafin su amince, kuma daga ranar sunanki na cikin waɗanda za a tuhuma idan abu ya lalace. Wannan ne ya sa na ce wa oga ko dai a tura ni karatu, ko a nemi wani sunan a saka.

Kafin ki biya ko sisi, ki tambayi masu kwas ɗin me suke nufi da cewa jami'a ta amince da kwas ɗinsu. Akwai wanda jami'a ce ke ba da takardar da kanta, da kiredit a jiki, wanda za ki iya ɗauka ki ɗora wani karatun a kai. Akwai kuma wanda jami'a ta duba manhajar kawai ta yarda a manna tambarinta a talla. A shafin intanet kamarsu ɗaya. Ni sai da na sa suka rubuto mini a imel sunan wa zai fito a takardar da kuma kiredit nawa ne. Ki riƙe lissafin nan: a tsarin Birtaniya kiredit ɗaya awa 10 ne na karatu. Satifiket na gaba da digiri kiredit 60 ne, wato awa 600, difloma 120, digiri na biyu 180. Duk wanda ya ce miki da 'yar awa ɗaya a ƙarshen mako za ki gama, talla yake yi.

Darasin kuɗi shi kaɗai ya isa hujjar shiga. Na yi shekaru ina jin ana UDA, UDA, ban taɓa zama na fahimci yadda take cin asibiti ba. UDA ma'auni ne na ƙirga aikin haƙori, kuma tun 2006 da shi NHS ke biyan likitocin haƙori a Ingila. Duba baki da ɗaukar hoto UDA 1 ne. Ciko ko cire haƙori 3. Hular haƙori ko haƙoran roba 12. A ƙarshen 2022 aka raba rukunin tsakiya, aikin haƙora uku ko fiye ya koma 5, cire jijiyar haƙorin turmi ya koma 7. Kowane asibiti na da adadin da ya yi alƙawarin cikawa daga 1 ga Afrilu zuwa 31 ga Maris, kuma idan bai kai kashi 96 cikin 100 ba, za a karɓe kuɗin abin da bai yi ba. Kuɗin da an riga an biya haya da albashi da shi.

A da sai watan Fabrairu hankalin kowa ke tashi, a fara cusa marasa lafiya har lokacin cin abincin rana. Malamar da ta koyar da mu, wadda ita ma ta daɗe tana manaja, ta sa kowa ya kawo ainihin alƙaluman asibitinsa, ya raba su wata-wata, likita-likita, ya cire hutun kowa da ranakun da ake rufewa. Da na yi nawa sai ga shi ƙiri-ƙiri tun watan Agusta muke fara zamewa, lokacin da likitoci biyu ke tafiya hutu tare. Yanzu akwai farin allo a bayan ƙofar ofishina, duk ranar Litinin ina rubuta inda kowa ya tsaya. Likitocin sun yi ta gunaguni a farko. Yanzu su ke leƙowa su duba kafin su sha shayi.

Ta kuma sa mun lissafa nawa kujera ɗaya ke ci a awa ko da babu kowa a kanta: haya, wuta, albashin nas, inshora, gyaran na'ura. Daga ranar na daina ɗaukar wanda ya karya alƙawarin zuwa a matsayin hutu. A Ingila ba a cajin majinyacin NHS don bai zo ba, saboda haka dabara ta rage gare ki. Mu saƙon tunatarwa muke turawa, muna kuma ajiye sunayen makusanta da za a iya kira su cike gurbi cikin rabin awa.

Darasin ma'aikata ma ya yi amfani, musamman yadda ake ladabtarwa bisa ƙa'idar ACAS, hukumar sasanta ma'aikata da masu ɗaukar aiki: bincike, wasiƙar gayyata, damar zuwa da abokin aiki, damar ɗaukaka ƙara. Ga wadda jiya take cin abinci da nas-nas yau kuma ita ce za ta ba su takardar gargaɗi, samun tsarin da za ki bi sauƙi ne babba.

Sai inda raina ya ɓaci. Kusan wata biyu muka yi a kan ra'ayoyin masana game da shugabanci, ana ta zane-zane da akwatuna, kuma da gani daga wani kwas na daban aka kwaso su, domin misalan na masana'anta ne da otal. Darasin tsabtace kayan aiki kuwa duk nas ta fi shi sani. Wadda ta saba gwada tukunyar tururi kowace safiya tana rubutawa a littafi, ta san kayan da aka naɗe bayan dafawa shekara ɗaya suke yi a ajiye bisa HTM 01-05, wato ƙa'idar gwamnati ta tsabtace kayan aikin haƙori, ba ta buƙatar bidiyo ya gaya mata. Dawo da makin rubutu ma yana jan ƙafa, har ki miƙa na gaba ba ki ga gyaran na baya ba. Kuma babu wanda ya zaunar da mu ya koya mana rubutu irin na jami'a, da yadda ake ambaton madogara. Biyu daga cikin 'yan rukuninmu a nan suka ajiye, alhali a wurin aiki ƙwararru ne.

Ga likitoci, musamman 'yan'uwanmu da suka zo daga Najeriya suka ci jarrabawar ORE ta yi wa likitocin haƙori na ƙasashen waje rajista, kuma suke tunanin sayen asibiti, shawarata ku yi kwas na mataki na 7, wato na gaba da digiri, kafin ku sa hannu a takardar banki. Ƙwarewa a baki daban, karanta kwantiragin NHS daban. Awoyin kuma ba asara ba ne, domin GDC na neman awa 100 na ƙarin ilimi daga likita cikin shekara biyar, nas kuma awa 50, kuma gudanarwa na cikin abin da ake ƙirgawa idan takardar ta cika sharaɗi. Mai niyyar komawa Kano ko Kaduna ya buɗe nasa, lissafin kujera da riƙon ma'aikata za su bi shi, amma UDA da CQC a nan zai bar su.

Oga ne ya biya mini, da yarjejeniyar zan mayar da wani kaso idan na bar aiki da wuri, kuma ki karanta wannan takarda da kyau kafin ki sa hannu. Ki kuma nemi jadawalin miƙa rubuce-rubuce tun kafin rajista. Babban rubutunmu a tsakiyar Maris ya faɗo, daidai lokacin da ake rufe lissafin UDA na shekara.