Lipitor ko atorvastatin, wanne likita zai rubuta?

Gaskiya duka biyun maganin rage kitsen jini ne, sinadarin ɗaya ne, suna da kuɗi ne suka raba su. Lipitor a da na kamfanin Pfizer ne, haƙƙin mallakarsa ya ƙare a Amurka a 2011, daga nan wasu kamfanoni suka shiga yin atorvastatin farashi ya faɗi warwas. To ka duba asibitin unguwa da ke rubuta wa ɗaruruwan mutane maganin kitsen jini duk wata, ɗan bambancin kwali ɗaya in ka tara shi a shekara ai kuɗi ne ba na wasa ba. Ni dai mai arahan nake goyon baya. Amma fa wasu magungunan farfaɗiya ba a son canja kamfani barkatai.