Sea Ray mai injin ciki ko Bayliner mai injin waje: ga wanda za ka ɗauka

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na duba tallan jiragen ruwan nan biyu da ka turo, Sea Ray ɗin 2004 mai injin MerCruiser 4.3 a ciki da ake neman dala 6,500, da Bayliner 170 ɗin 2016 mai Mercury 90 rataye a baya da mai shi ya yi wa kuɗi dala 12,000. Duka biyun bawuraida ne, masu buɗaɗɗen gaba da kujeru har hanci. Bayliner ɗin za ka ɗauka. Na san ido ya fi kwantawa da ɗayan, ga girma, ga kyan kujeru, ga shi kusan rabin kuɗi, amma a jihar Minesota ta Amurka muke, kuma wannan ne jirginka na farko.

Abin da ke ƙarƙashin katifar bayan Sea Ray ɗin nan injin mota ne, V6 na General Motors da aka gyara shi don aikin ruwa. Yawancin irinsu ba su da lagireto. Ruwan tafkin suke zuƙa ya zagaya cikin bulok, wato gangar jikin injin, ya sanyaya shi, sannan ya fita tare da hayaƙi. Ko ka fito da jirgin ka ɗora a tirela, akwai ruwan da ke kwance a ciki, ba kuma zai fita ba sai an kwance toshe-toshen da ke jikin bulok da bututun hayaƙi an tsiyaye shi. Ruwa in ya daskare kumbura yake yi, wajen kashi 9 cikin 100, ƙarfen zubi kuwa bai san miƙewa ba, tsagewa yake. Daren Oktoba guda da sanyi ya sauka da ƙarfi kana barci ya isa ya gama da injin, kuma ba za ka sani ba sai watan Mayu, in ka zaro sandar baƙin mai ka gan shi ya koma kalar shayi da madara. Jirgin 2004 ya ga hunturu sama da 20, a hannun mutum nawa, Allah masani. Kowane ɗaya cikinsu sai ya kasance bai taɓa yin sakaci ba ko sau ɗaya. Kai ma in ka saya ka shiga layin: kowace kaka ka kai wa bakanike, a nan kusa da mu dala 200 zuwa 400, ko ka kwanta da ciki a ramin injin kana lalube da tocila a baki.

Sai kuma batun wutsiya, wato ɓangaren da ke fitowa bayan jirgin ɗauke da farfela. Injin na ciki, farfela na waje, don haka an huda bangon bayan jirgin babban rami ƙasa da layin ruwa, aka toshe hanyoyin da robobi uku masu lanƙwasa: ta sandar da ke juya farfela, ta hayaƙi, da ta wayar giya. Roba tsufa take yi ta dare. In ta sandar ta yage, ruwa zai ci boris ɗin ciki ya kuma sami hanya zuwa cikin jirgin, wanda aka bari ɗaure a bakin gaɓa yana iya kwana ya wayi gari a ƙasan ruwa. Canza su sai an cire wutsiyar gaba ɗaya. Ga kuma tururin fetur da ke taruwa a ɗakin injin, wanda ya sa kafin kowane tashi sai ka kunna fankar tsotsa ta yi minti 4. Mutumin da har yanzu yake koyon ja da baya da tirela a gangaren sauke jirgi, ana yi masa hon ta baya, yara na tambayar yaushe za a tafi, ba shi ya kamata a ƙara wa wannan lissafin ba.

Nawa mai ƙafa 17 ne, da Yamaha 90 a baya, na hannu na saye shi. Wata kaka Baba, mahaifin maiɗakina, ya zo mana daga Yawuri, sai aka dace da wata Asabar ta ƙarshen Oktoba da rana ta fito kamar an roƙa. Maƙwabtana masu injin ciki tun a Satumba suka tsiyaye nasu suka naɗe da farar leda, babu mai kwance nasa don yini ɗaya. Ni kuwa na jona tirela muka tafi tafkin Minetonka. Baba bai kula kujerun ba, bai kula sitiyarin ba, bayan jirgin ya wuce kai tsaye ya tsaya yana kallon injin yana dariya, ya ce ai dangin waɗanda ke jan kwale-kwale a kogin Neja ne, sai dai wannan ya samu kiwo. Da na tayar, sai ya tsuguna ya tara hannu a ƙarƙashin ɗan ruwan nan da injin ke tsartowa ta gefe, ya ji ɗuminsa, ya gyaɗa kai ya ce mu je. Shi da jikokinsa a gaba, an lulluɓa da bargo, ganyayen bakin tafkin duk sun yi ja da ruwan ɗorawa, ga filas na shayi ana zagayawa da shi, tafkin da ranar Asabar ta Yuli ba ka samun wurin juyawa ya zama namu mu kaɗai. Da muka fito na sauke injin ya miƙe tsaye, ruwan cikinsa ya zube da kansa, na zare toshiyar ƙasan jirgin, muka kama hanya. A daren sanyi ya sauka sosai, ban ko leƙa waje ba. Har yanzu in mun yi waya sai ya tambayi lafiyar injin kafin ta wasu mutanen gidan.

Hidimarsa duk a tsaye nake yinta a ƙofar gareji: baƙin mai da filta sau ɗaya a shekara ko bayan awa 100, man giya na ƙasa, robar famfon ruwa duk bayan shekara biyu ko uku. Mercury 90 ɗin da ke kan Bayliner ɗinka haka yake, mai bugu huɗu ne, ba a haɗa masa mai da fetur. Ka riƙa ba shi fetur marar etanol, gidajen mai da yawa a jihar nan na sayar da shi don jirage da ƙananan injuna. Ranar da ya mutu murus, kusoshi ake kwancewa a ɗaga shi a rataya wani, jirgin na nan yadda yake.

Sea Ray kam, a ba shi haƙƙinsa, ya fi nauyi don haka ya fi yanka igiyar ruwa, bayansa ya fi daɗin hawa da sauka in ana iyo, kuma ƙarfin doki 190 ba 90 ba ne. Iyakar abin da zan ce ke nan. Bayliner jirgin talaka ne, kujerunsa da kafet ɗinsa ba su kai ba, kowa ya sani. Kamfani ɗaya ne ma ya mallake su duka har da Mercury, wato Brunswick, ɗaya aka yi wa kwalliya aka bar ɗaya da kayan gida. A jirgin da ya haura shekara 20 kwalliyar ce ke saura, abin da ke cin kuɗi yana ƙasa inda hoto ba ya kaiwa.

A ƙasan akwai katako. Jirage da yawa na wancan zamanin faiba ce a waje, katako a cikin daɓe da bangon baya, kuma duk kusar da aka ɗaura ba a liƙe ta da kyau ba ƙofa ce ga ruwa. Ko wanne ka je gani, ka cire takalmi ka tattaka daɓen lungu-lungu da dunduniya, musamman gindin kujeru da kusa da ramin ajiyar kaya na tsakiya. Inda ya lotsa, ruɓa ce. Ka ɗaga injin ko wutsiyar sama ka danna da nauyinka kana kallon bangon baya, bai kamata ya motsa ba ko kaɗan. Ka bubbuga shi da ƙotar sukundireba: mai lafiya ƙara yake yi tsaf, ruɓaɓɓe kuma wani dum-dum kamar kankanar da ta wuce. Gyaran wannan yakan fi kuɗin jirgin.

Ba ka tambaya ba, amma bari in faɗa maka halin masu sayarwa, don kasuwar jirgin hannu ta fi ta mota ha'inci. Kafin ka isa, wani zai tayar da injin ya ɗumama shi don ya tashi bugu ɗaya a gabanka. Ka ce masa a waya kada ya taɓa, in ka je ka fara ɗora tafin hannunka a kan injin, in da ɗumi ka san da magana. Wani zai jona masa tiyo a tsakar gida ya bar shi yana kaɗawa, ya ce ka ji kamar agogo. Injin da ba ya ɗauke da kaya ko mai ciwo ne zai yi haka. Sai a ruwa, da mutane a ciki, an buɗe masa wuta na minti 15 ko 20, sannan za ka ga ko yana zafi, ko giya na zamewa, ko ruwa na taruwa a ƙasa. Wanda ya ƙi a je tafki, ko ya ce batir ne kawai ya mutu amma lafiya lau yake lokacin da aka ajiye shi, ka yi masa godiya ka shiga motarka. Sabon kafet a tsohon jirgi abin tambaya ne. Sabon fenti a gefen bulok kaɗai, ka sa yatsa ka laluba, ana shafe tsaga da gam a bi da fenti. Baƙin mai da aka juye jiya ma haka, ka sake zaro sandar bayan kun dawo daga ruwa. Akwai kuma jiragen da suka sha ruwan gishiri a kudu, irin bayan guguwar Ian ta 2022 a Fulorida, a wanke su a goge a kawo arewa a ce ba su taɓa barin tafki ba. Farin gari a kan kusoshi da tsanwa a bakin wayoyi su ke tona su. A Facebook kuwa, duk wanda ya ce yana wajen gari, ko soja ne an tura shi aiki, ka aiko kafin alƙalami ta manhajar tura kuɗi ta Zelle a riƙe maka, babu jirgin, hoton ma na wani ne.

In duka biyun suka faɗi jarrabawa ka koma nema, ka guji mai wutsiyar OMC komai arha, kamfanin ya durƙushe tun ƙarshen 2000 kuma masu gyaranta sun yi ƙaranci. Injinan waje na Evinrude ma an daina ƙera su a 2020.

Takardu: a kusurwar dama ta bangon baya, daga sama, akwai lambar jiki mai haruffa da alƙaluma 12, biyun ƙarshe su ne shekarar samfurin. Ka gwada ta da ta takardar mallaka ɗaya bayan ɗaya. A Minesota jirgin da ya wuce ƙafa 16 sai da takardar mallaka, ka tabbata sunan wanda ke gabanka ne a kai, ba na ɗan'uwansa da ya yi tafiya ba, kuma babu bashin banki a jikinta. Tirela ma ka duba tayoyinta da fitilu da boris, su ne ke bar mutum a gefen titi ranar farko. Ka kuma duba abin da motarka ke iya ja. CR-V fam 1,500 ne iyakarta, ba za ta ja ko ɗaya cikin biyun ba. Sienna fam 3,500 ce, za ta ja Bayliner ɗin da tirelarsa ba wahala, Sea Ray ɗin kuwa da mai da kaya zai kai ta maƙura.

Abu ɗaya game da bawuraida kowace iri ce. Gaban nan da yara ke rububi a buɗe yake, in ka tara manya uku a hanci ka rage gudu farat ɗaya a gaban igiyar wani babban jirgi, ruwa zai hau ya zubo muku a cinya. Kusa da sitiyari akwai ɗan allo da doka ta wajabta wa jiragen da ba su kai ƙafa 20 ba, yana faɗin mutum nawa da nauyi nawa, kuma nauyin za ka bi, don kular sanyi da abin gashi da jakunkuna duk a ciki suke. Mu da ba mu iya fita mu kaɗai, sai an gayyato gida biyu, gara ka yi sawu biyu. Yaron da bai kai shekara 10 ba dokar jiha ta ce sai da rigar ruwa a jikinsa muddin ana tafiya, ni a nawa har manya sai sun saka, yawancinmu ba mu iya iyo ba kuma ba ma son faɗa. Tafkin Mille Lacs ranar iska ka bar wa masu manyan jirage, babban tafkin Sufiriya kuwa kada ma ka fara. Toshiyar ƙasa a cire take tafiya a titi, dokar hana yaɗa ƙwarin ruwa daga tafki zuwa tafki ce, amma ka mayar da ita kafin tayar tirela ta taɓa ruwa.

Ka kira mai Bayliner ɗin ka ce kana son gwaji a tafki ranar Asabar, kuma bakanikenka zai auna matsin silinda ya karanta awannin injin da kwamfuta, don irin wannan Mercury yana riƙe lissafin awanninsa a ciki, ba ya bin bakin mai shi. In ya yarda kuma silinda huɗun suka zo kusa da juna, ka fara tayi daga 10,000, kaka na matsowa, ba ya son biyan kuɗin ajiyar hunturu, zai sauko. In kana so ka biyo ta gidana da safe mu tafi tare, ina da ƙarin rigunan ruwa na yara.