Resista ko injin fanka: wanne ya kashe maka hita?

Malam, ka ce fankar hitar Corolla ɗinka ta tsaya cik tun makon jiya, ko ka murɗa maɓallin har ƙarshe ba ka jin komai. Ka je wajen makanikai a Farin Gada, rewaya na farko ya ce resista ce, na biyu ya ce injin fankar ne, wanda suke kira bulowa, kana tambayar wanne za ka saya. Na ji maka sosai, don fita da yara makaranta da sassafe a Jos cikin watan Janairu ba hita ba ƙaramin abu ba ne. Amma ka dakata da sayen komai tukuna. Yadda kowanne cikin biyun yake mutuwa daban ne, kuma a bayaninka ma akwai rabin amsar.

Mu fara da resista. Ƙaramar aba ce, bai fi ta cika tafin hannu ba, tana maƙale a jikin bututun iska ƙarƙashin akwatin ajiya na gaban fasinja. Aikinta rage ƙarfin wutar da ke zuwa wa fanka don a samu gudu na ɗaya, na biyu da na uku. Gudun ƙarshe ba ya bi ta cikinta, kai tsaye yake tafiya. Shi ya sa idan ta ƙone, fanka kan yi shiru a ƙananan matakai, amma kana kai maɓalli ƙarshe sai ta ɗauka da ƙarfi. Kai kuwa ka ce har na ƙarshen ba ya yi. Idan motarka irin mai maɓallin murɗawa ce, to ni dai ban ga laifin resista ba, kuma zan so in ji dalilin wanda ya ce ita ce. Motoci masu saita zafi da kansu, waɗanda kake danna lamba a allo, nasu daban ne: maimakon resista suna da ɗan akwati mai tiransisto, shi kam yana iya kashe fanka gaba ɗaya, ko ya bar ta tana gudu ba ta jin maɓalli.

Injin fanka shi ba ya zaɓen mataki. In ya mutu, ya mutu a duka. Kuma da wuya ya tafi bai yi sallama ba. Ka tuna baya kaɗan: tana ƙugi ko ƙara kamar ana goga ƙarfe kafin ta ɗauka? Takan ƙi tashi da safe, sai ka faɗa rami a hanyar Bauchi Road ta farka da kanta? Wannan alamar kabon ne ya cinye, wato ƴan gawayin nan biyu da ke taɓa abin da ke juyawa a cikin injin. Gwajinsa ba ya cin ko sisi. Kunna makulli, kai maɓalli ƙarshe, ka sunkuya wajen ƙafar fasinja ka ɗan bubbuga gindin injin da ƙotar sukudireba. In ta motsa, ko da na ɗan lokaci ne, magana ta ƙare, injin ne.

In ba ta motsa ba, kada a yanke hukunci sai an duba fiyus da rile, wato ɗan makunnin da ke sakar wa fanka wuta, don su ma suna kashe fanka a duk matakai, kuma sun fi komai araha. A murfin akwatin fiyus za ka ga an rubuta HTR ko HEATER. Daga nan sai rewaya ya cire soket ɗin injin ya ɗora mita a bakin wayoyin biyu tare, maɓalli yana ƙarshe. Ka nace masa ya auna tsakanin biyun, ba waya ɗaya da jikin mota ba, domin a Toyota da yawa maɓallin ɓangaren at yake yankewa, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta, sai ka ga wuta ta iso amma ba ta da hanyar komawa. Idan mita ta nuna wajen bolt 12 kuma injin bai juya ba, shi ne. Idan ba ta nuna komai ba, matsalar tana baya: fiyus, rile, maɓallin kansa ko soket da ya narke. Ana kuma iya kunce injin, sukurori uku ne kawai, a jona shi kai tsaye da batir a gani da ido.

Inda na fi so ka kula shi ne abin da ya haɗa resista da injin fanka. Resista zafi take yi sosai, iskar fanka ce ke sanyaya ta. Injin da boris ɗinsa, wato abin da sandar injin ke juyawa a cikinsa, ya bushe yana jan wuta fiye da ƙima, iska kuma ta ragu, sai resista ta gasu. Haka ma matatar iskar cikin mota in ƙurar hunturu ta toshe ta. Na taɓa canza resista sau biyu a damina guda kafin wani dattijon rewaya ya kunce fankar ya miƙo mini. Na sa yatsa na juya ta, ko zagaye ɗaya ba ta cika ba ta tsaya, ga busassun ganye da tsumman da ɓera ya tara cunkushe a tsakanin fikafikanta. Lafiyayyar fanka in ka wulla ta da yatsa sai ta yi ta juyawa ba ƙara. Saboda haka ko da a ce resistar ce ta ƙone, a juya fankar da hannu a gani kafin a ɗaura sabuwa.

Ta fuskar kuɗi resista ta fi sauƙi nesa ba kusa ba, shi ya sa ake saurin cewa ita ce. Injin kuwa kana da zaɓi: sabo, ɗan Baljiyam daga kasuwar Dilimi, ko a sa wa naka sabon kabon. In kabon ne kaɗai ya cinye kuma ba ya ƙara, gyaran yana ɗorewa. In boris ya tafi, canza shi. Ɗan Baljiyam kada ka biya sai an jona shi da batir a gabanka ka saurari muryarsa, kuma ka tafi da tsohon don a daidaita soket da girman fikafikai.

Don Allah kada ka yarda a ɗaura maka waya a gurbin fiyus. Fiyus ɗin da ke ta ƙonewa yana gaya maka injin na jan wuta ne, in aka toshe masa baki wayoyin cikin dashbod ne za su ɗauki zafin.

Sai abu na ƙarshe, tun da mota ce da ta daɗe a hannun makanikanmu. In fanka ta dawo amma iskar sanyi take hurawa, wannan ba laifinta ba ne. Zafin hita daga ruwan injin mota yake zuwa, ta wani ƙaramin lagireto da ke cikin dashbod. Duba ko an cire maka tamostat, wato abin da ke tsare ruwan injin har ya yi zafi, ko an haɗe robobin ruwan nan biyu da ke shiga bangon injin an zagaye hitar. Wanda ya sayo motarsa daga Kano ko Legas ya fi cin karo da haka, don can ba a cika neman hita ba.