Kalmar sirri ko satifiket: zaɓen hanyar tantance masu shiga sabar saƙonni

Duk wanda ya kafa sabar saƙonni, wato manhajar da ke karɓar saƙo daga na'urori ta miƙa shi inda ya kamata, irin Mosquitto ko RabbitMQ, tambayar farko da za ta tare shi ita ce yadda sabar za ta gane cewa na'urar da ke yi mata sallama ta gida ce, ba baƙuwa ba. Ni dai na'urorin bibiyar motocin kaya nake kula da su, motocin da ke lodi a Apapa da Mile 12 a Legas su nufi Arewa, kuma a kansu na san daɗi da ɗacin kowace hanya.

Barin ƙofa a buɗe ba ya cikin lissafi, domin tun fitowar Mosquitto 2.0 a ƙarshen 2020 ba a shiga daga waje ba suna sai mai sabar ya buɗe da hannunsa. Tantancewa da lambar IP, wato adireshin na'ura a intanet, ba ta yi wa na'urar da ke kan layin waya amfani, tunda lambar sauyawa take yi. OAuth 2.0, tsarin da wata sabar dabam ke ba da izinin shiga, na manyan kamfanoni ne. Ga mai mota talatin, jidali ne kawai.

Suna da kalmar sirri shi ne mafi sauƙi, muddin an bi ta ƙofar sabar mai lamba 8883 mai TLS, tsarin da ke ɓoye saƙo a hanya, ba 1883 da ke tura kalmar a fili ba. Illarsa halin ɗan Adam ce, domin kasala takan sa a zuba wa duk na'urori kalma ɗaya. Haka muka yi, har wani yaronmu ya ajiye aiki alhali kalmar tana wayarsa, na kwashe kusan mako ina bin motoci gareji gareji cikin gosulon Legas ina sauya ta, wasu ma sai da suka dawo daga Kano.

Tun daga nan na koma satifiket, wato fayil ɗin shaida da na'ura ke nuna wa sabar, kuma shi nake ba kowa shawara. Mutum yakan kafa hukumar sa hannu tasa, wato babban makullin da ke sa wa satifiket hannu, da manhajar OpenSSL, wadda kyauta ce, ya yanka wa kowace na'ura satifiket da makullinta ita kaɗai. A Mosquitto sai a kunna saitunan require_certificate da use_identity_as_username, sunan da ke cikin satifiket ɗin ya zama sunan na'urar, a kuma iyakance mata inda za ta rubuta da inda za ta karanta. Idan aka sace na'ura ɗaya, ita kaɗai za a sa a jerin sokewa ta crlfile, sauran ba ruwansu. Sai dai satifiket yana da ranar ƙarewa, kuma na'urar da batirinta ya mutu agogonta kan iya komawa 1970 ta ƙi amincewa da sabar, saboda haka a tabbata tana saita lokaci da zarar ta tashi.

Babban abin tsoro shi ne 'yan kwangilar da ke karɓar kuɗin tsaro su bar mutum a tsirara. Akwai mai kwafa satifiket ɗaya a duk na'urori, wanda bai da maraba da kalmar sirri ɗaya. Akwai mai kashe binciken satifiket a ɓangaren na'ura don aiki ya tashi da wuri a sallame shi. Akwai mai riƙe makullin hukumar a kwamfutarsa, ya riƙa cajin kuɗin sabuntawa duk shekara a kan abin da ba a saye. Wani kuma ya bar asusun guest da RabbitMQ ke zuwa da shi, har ya buɗe shi ga waje, alhali masu shi sun taƙaita shi ga cikin sabar. Kafin a biya cikon kuɗi, a karɓi makullin hukumar a ajiye shi a abin da ba ya hawa intanet, a buɗe satifiket ɗin na'urori biyu a ga sunayensu sun bambanta, sannan a sa ɗan kwangilar ya gwada shiga ba satifiket a gabanka, ka ga sabar ta kore shi da idonka.