Rigar STATSports Apex da Abin da Take Tonawa a Filin Atisaye

Duk wanda ya saba kallon hotunan atisayen Liverpool ko Arsenal ya san baƙar 'yar singiletin nan da 'yan wasa suke sanyawa, mai ƙaramin aljihu a baya tsakanin allunan kafaɗa. A aljihun ake saka na'urar GPS, wadda take bin motsin ɗan wasa ta tauraron ɗan'adam, ƙirar kamfanin STATSports mai hedikwata a Newry ta Ireland ta Arewa, kuma tun 2015 dokokin ƙwallon ƙafa suka halatta sanya irinta har a wasan gasa. Samfurin Apex Athlete Series, wanda aka yi domin ɗaiɗaikun 'yan wasa, shi muka yi kaka guda muna amfani da shi a ƙungiyar da nake horarwa.

Na'urar ba ta da nauyi, kuma da an tashi daga fili manhajar waya take nuna nisan da kowa ya ci, da ƙololuwar gudunsa, da yawan lokutan da ya zura da gudu. Wannan ya kashe musun da muka daɗe muna fama da shi, domin a da babban ɗan wasa yakan yi lamɓo a atisaye, ya fake da sunansa, ƙanana kuwa kunya ta hana su magana. Ranar da kyaftin ɗinmu ya ga yaron da ko benci bai cika samu ba ya wuce shi a alƙaluman, bai ce uffan ba, amma washegari shi ya riga kowa isowa fili, kuma zafin atisayenmu ya canja tun daga makon.

Sai dai alƙaluman suna buƙatar koci mai lura. Ƙwararren ɗan wasan tsakiya yakan ci kilomita 10 zuwa 12 a wasa, mai tsaron baya kuwa aikinsa bai kai haka gudu ba, saboda haka jera su a teburi ɗaya zalunci ne. Na ga yara suna gudun da ba shi da dalili domin su hau saman jeri, alhali dattijon mai tsaron bayanmu, wanda muryarsa take tsara layi kuma yake rarrashin wanda ya yi kuskure, kullum yana ƙasa. Wannan jagorancin ba ya fitowa a waya, shi ya sa na koma kwatanta kowa da takwaransa na gurbi ɗaya.

Kuɗin na'urar da nauyi ga aljihunmu, kuma tana son fili buɗaɗɗe saboda tauraron ɗan'adam. Ƙungiyar da ba za ta iya saya wa kowa ba tana iya farawa da biyu ko uku, a riƙa karɓa-karɓa, kyaftin ya fara sanyawa.