Eco, Sport, ko ka saita naka a babur mai lantarki?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko tsare-tsaren tuƙin nan na babur mai lantarki, su Eco da Sport, da gaske suna canza wani abu ko ado ne kawai, kuma ko gara mutum ya saita nasa da kansa. Suna canzawa ƙwarai, amma ba ta wajen da yawancin mutane ke zato ba.

Batir ɗaya ne, inji ɗaya ne. Abin da ke sauyawa shi ne yadda kwantirola, na'urar da ke raba wa inji wuta daga batir, take amsa hannunka. A Sport, kana ɗan taɓa totur babur ya zabura, domin injin lantarki yana sakin ƙarfinsa tun daga tsaye, babu jiran giya ko kuloci. A Eco kuwa, ko ka murɗa har ƙarshe, a hankali za ta ba ka, ta rage fizga, kuma a babura da yawa ta sa wa gudu iyaka. Linzami ne aka sa wa dokin, ba wani dokin aka kawo maka ba.

Maganar caji nan ne ake yawan ruɗewa. A cikin gari, inda ake tashi ana tsayawa, Eco yana tsimi na gaske: yana hana tashi da ƙarfi, kuma idan ka saki totur injin ya koma janareto, ya riƙe babur, ya mayar da ɗan wuta cikin batir. A babbar hanya labari ya sha bamban. Can iska ce ke cin caji, kuma idan ka ninka gudu, turjiyar iska sau huɗu take ƙaruwa. Mutum biyu da ke tafiya kilomita 90 a awa, ɗaya a Eco ɗaya a Sport, kusan wuta ɗaya suke sha.

Rain, tsarin tuƙi na lokacin ruwan sama, shi ne wanda ake rainawa, alhali a ganina ya fi Eco amfani. Yana tausasa totur, yana sa na'urar hana taya zamewa ta riƙa shiga da wuri. Ranar da hanya ta yi santsi, ko sabon direba ya hau, nan za ka ga ranarsa.

To sai saitin kai. Babur ɗin Zero SR/F, wanda ya fito a 2019, yana zuwa da Eco, Street, Sport da Rain, sannan ka ƙirƙiri naka ta manhajar waya: iyakar gudu, ƙarfin fizga, yawan wutar da ke komawa batir idan ka saki totur, da wadda ke komawa idan ka kama birki. LiveWire, da Harley-Davidson ta fitar a shekarar, yana da Sport, Road, Range da Rain, da gurbi 3 na saitin kai, kuma a allon babur ɗin ake yi, ba sai an ɗauko waya ba. Ƙananan babura irin Sur-Ron Light Bee ba su da wannan dogon zance, maɓallin Eco da Sport ne kawai.

Abin da saitin kai ya fi na kamfani da shi, haɗi ne. Kamfani ya saba haɗa riƙo mai ƙarfi, wato riƙon da inji ke yi wa babur idan ka saki totur, da totur mai sanyi. Kai kana iya ɗaukar zafin Sport ka haɗa da riƙon Eco, sai ka samu babur mai saurin amsawa wanda da wuya ka taɓa birki a cunkoso. Sai dai a kula da abu biyu. Riƙon injin a tayar baya kaɗai yake aiki, don haka idan ka cika shi a hanya mai laima, bayan babur na iya sulɓewa. Sannan idan batir ya cika maƙil, ba shi da wurin karɓar wuta, riƙon sai ya ragu. Wanda ya saba dogara da shi ya fito da safe ya tunkari gangara, zai ji babur yana tafiya ba yadda ya sani ba.

Ni dai shawarata, ka fara da Street ko Road, wato tsarin tsaka-tsaki, har hannunka ya saba. Idan ka zo saita naka, ka taɓa riƙon injin kawai, ka hau ka ji, kafin ka taɓa wani abu.