Darussalam zuwa Zanzibar: jirgin ruwa ko na sama?

Alhaji, tunda ka ce za ka kwana biyu a Darussalam ta Tanzaniya kai da iyali kafin ku tsallaka Zanzibar, ku hau jirgin ruwa na safe. Ka cire wa Hajiya tsoro, ba irin kwalekwalen Dadin Kowa ba ne. Manyan jirage ne masu gudu, hawa-hawa, da kujeru da na'urar sanyaya ɗaki da banɗaki da rigunan ceto, kowanne yana kwasar ɗaruruwan mutane. Tafiyar kamar awa 2 ce, kuma a bakin Stone Town, tsohon garin Zanzibar, zai sauke ku, inda yawancin masaukai da ƙafa ma ana isa.

Tashar tana tsakiyar gari, a kan titin Sokoine, daura da cocin St. Joseph. Kamfanin da aka fi sani shi ne Azam Marine, mai jiragen da ake kira Kilimanjaro. Na farko yakan tashi ƙarfe 7 na safe, na ƙarshe wajen 4 na yamma, kujerar gama-gari kuma ga baƙo ta kai kimanin dala 35. Ku sayi tikiti tun ana gobe, ku isa tashar saura awa ɗaya, domin akwai binciken kaya da layi. Manyan akwatuna ana karɓa a zuba a keji, sai ka riƙe lambar kejin don kada ka sha wahalar nema a can. Fasfo da kuɗi da magani su zauna a jikinka.

Na ce na safe ne saboda teku ta fi kwanciya a lokacin. Da rana iska ke tasowa, musamman daga Yuni zuwa Satumba, kuma dawowa Darussalam da yamma ta fi jijjiga mutane. Wanda bai saba da ruwa ba ya sha maganin jiri rabin awa kafin shiga, kada ya cika ciki da maiƙo, ya zauna a hawan ƙasa daga tsakiya zuwa baya. Goshin jirgi ne ke dukan igiyar ruwa, can ake fara amai. In zuciya ta fara tashi, a ajiye waya a zuba ido can nesa inda ruwa ya haɗu da sama.

Jirgin sama minti 20 ne, amma sai ka koma filin jirgi cikin cunkoson garin, ka biya kuɗin da ya fi na jirgin ruwa, ƙananan jiragen kuma kilo 15 kawai sukan yarda da shi. Amfaninsa ga wanda ba shi da abin yi a Darussalam ne, shi kuwa gara tun daga Kano ko Abuja ya yanki tikitin da zai bi ta Addis Ababa ya dire Zanzibar.

Don Allah ka kula da 'yan kamasho na bakin tasha. Kafin ka sauka daga tasi sun riga sun kama jakarka. Wani zai ce tikiti ya ƙare, ko ofis ya tashi, ya ja ka wani shago ya yanka maka na jirgi mai jan ƙafa a kuɗin mai gudu. Wani ya sayar maka da na 'yan ƙasa mai araha, a bakin ƙofa a nemi katin zama, ba ka da shi, kuɗinka ya tafi. Ka shiga ofishin kamfanin da kanka ko ka saya a shafinsu na intanet, ka duba sunanka da rana da lokaci a jikin tikitin. Ɗan dako kuma ku yi ciniki kafin ya ɗaga kaya. Kwalekwalen dare na masu haya kada ma ka saurare su, komai arharsa.

Ko da yake Darussalam da Zanzibar ƙasa ɗaya ce, ana duba fasfo a tashar Zanzibar, kuma sukan tambayi katin rigakafin shawara. Tun Oktoban 2024 baƙo sai ya sayi inshorar shiga tsibirin, dala 44 ga babba, ka biya ta intanet ka buga takardar. Bizar Tanzaniya ga mai fasfon Najeriya ba a samunta a filin jirgi, ka nema tun kana Gombe, da sauran makonni a gaba.